Sunan da Ba Ka Kira Ba

Zuwa ga mahaifina Malam Ilu, wanda jama'a suka sani da Amsa-Kuwwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma irin wadda 'ya take yi wa uba, ina roƙon Allah ya sa ka iske kabarinka a yalwace. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Masu karanta jarida za ta sama, mutanenka, waɗanda tun ranar da rediyo ta sanar da rasuwarka ba su bar ni na huta ba. To su karanta. Ai da ma komai naka a bainar jama'a ka yi shi.

Ban ma san da me zan kira ka ba. Ni ce 'yar farinka, don haka ana yaye ni aka kai ni Ajingi wurin Inna, mahaifiyarka, kai kuma kana Gaya da sauran iyalinka. Na tashi ina jin ƙanwarka Goggo Talatu tana ce maka Yaya, ni ma na kama ce maka Yaya, ba wanda ya gyara mini. Sai da na yi wayo sosai na gane cewa mutumin da muryarsa ke tashin tantabaru daga kan rumfunan kasuwa shi ne ya haife ni.

Ka san abin da ya ƙone mini rai a zaman makokinka? Kowa ya zo da sunansa a baki. Wani dattijo ya taso tun daga Kademi a kan keke, ya tsaya a ƙofar gida yana share hawaye da bakin rawani, wai ka taɓa kiran sunansa a lasifika ranar kasuwa, har yau 'ya'yansa suna ba da labari. Mahauta sun zo, direbobi sun zo, 'yan koli sun zo. A cikin gida kuma mata sai dafa ni suke suna cewa, "Ke kam kin more, da wannan murya kika tashi." Na ce musu haka ne, Allah ya ba da lada. Me zan ce? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban ce ba ka iya aikinka ba. Ka iya. Motar majigi ba ta isa ta tara mutum goma ba idan ba ka zaga gari da la'asar ka yi shela ba. Har gobe ina iya maimaita ta da ka: "Jama'a, ku saurara! Yau za ku ga mutumin da ya ƙi allurar lamba, ku zo ku ga yadda ya ƙare! Za ku ga gyaɗar da ta fi ƙarfin buhu! Kada ku bari a ba ku labari, gani ya kori ji!" Sai ka ja numfashi, kasuwa ta yi tsit, masu awo su tsaya da mudu a hannu, sannan ka sauke murya ƙasa ka ce, "Yau ɗin nan, a filin makaranta." Mutane su je su ga wani malamin gona yana watsa taki a kan farin ƙyalle, su dawo suna dariya suna cewa shelar ta fi majigin daɗi. Amma wata mai zuwa ka sake jan su, su sake zuwa. Da gidajen silima na birnin Kano suka ɗauke ka kana yi musu talla a rediyo, har a rugar Fulani na ji yara suna kwaikwayon yadda kake jan "yau ɗin nan".

Kuma kana gama shela sai ka shiga gaisuwa. Wannan ce ta sa aka so ka. Ba ka manta sunan kowa, daga sarkin pawa har mai gyaran keke.

Ka tuna ranar kasuwar Ajingi da motarku ta tsaya kusa da 'yan gyaɗa? Ina tsaye da farantin tallata a ka, ni da ƙawata Laraba. Na yi kwalliya musamman don na ji an ce za ku zo, har janbakin Goggo na sata. Ka gaida wannan, ka gaida wancan, idonka ya faɗo kanmu. Sai na ji lasifika ta ce, "Laraba 'yar gidan Malam Buba, a gaida gida!" Sannan ka ƙara da cewa, "Da ta kusa da ita." Kasuwa ta kwashe da dariya, don kowa ya san ko ni wace ce, kowa kuma ya yaba da kunyarka. Ni kuwa har na yi aure 'yan matan unguwarmu Ta-Kusa-Da-Ita suke kirana.

Na koma gida ina kuka, Inna ta ce, "Ke dalla rufe mana baki. Ubanki ɗan mutunci ne. Wane mara kunya ne zai kama sunan 'yar fari a tsakar kasuwa?" Na ce to a gida fa? Ta ce a gida ma haka, ita kanta ba ta taɓa faɗin sunan yayanka, ɗanta na fari, ba har ya mutu. Ta faɗe shi da alfahari, kamar ta ce ta sauke Alƙur'ani.

Na san al'ada ce, ba sai masu karatu sun aiko mini da nasiha ba. Ni ma malamar yaƙi da jahilci ce, na san abin da ake yi da wanda ba a yi. Na san ba ƙina kake ba. Atamfar sallah ba ta taɓa yanke mini ba, kuma lokacin da ƙyanda ta kwantar da ni an ce kwana ka yi a zauren Inna ba tare da ka shigo ba. Amma ka duba mini. Habu da Rabi, ƙannena, sunansu a bakinka kamar ruwa. Ni kuwa "yarinyar nan", "ta wajen Inna", "ke". Da manomi ne kai mai yini a gona bai ce uffan ba, da na haƙura tun tuni. Kai fa kiran suna ne sana'arka! Ka zama mini inuwar giginya, na nesa ka sha.

Da ciwon maƙogwaro ya kama ka, likitocin birni suka ce a dawo da kai gida, na bar 'ya'yana a Ajingi na zo Gaya jinya. Muryar nan da ake ji daga bakin kasuwa har bayan gari ta koma raɗa, ita ma raɗar sai da safe take ɗan fitowa. Idan kana son ruwa sai ka buga cokali a jikin kwano. Duk wanda ya zo dubiya sai ya fita yana cewa, "Ikon Allah, Amsa-Kuwwa ne haka?" Ni kuwa, Allah ya yafe mini, lissafin da nake yi daban ne. Ina ganin muryar tana ƙarewa kamar kananzir a fitila, ina cewa yanzu shi ke nan da haka za a tafi?

Shi ya sa na yi abin da ba a yi. Da hantsi ne, na kawo maka koko, Goggo Talatu tana bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Na durƙusa gaban gadonka, na sunkuyar da kai, na ce, "Yaya, don Allah sau ɗaya dai ka kira ni da sunana." Na kasa kunne. Na ji gado ya motsa, na ji numfashinka yana fita da ƙyar, na ji akuya tana kuka a gidan maƙwabta. Na jira har gwiwoyina suka yi tsami. Ban ji komai ba. Na tashi na fita ina cewa a raina, mutumin nan har a bakin kabari kunyarsa ta fi masa ni. A makon ka cika.

Sai bayan an yi addu'ar bakwai, muna wanke tukwane, na kasa riƙewa na faɗa wa Goggo abin da ke cina. Ta saki tukunya ta dube ni. Ta ce, "Au, ba ki gani ba? Ai ya faɗa! Ina kallon bakinsa, ya faɗa ya maimaita, muryar ce ta ƙi fita. Ke ce kika kafa kai a ƙasa kamar mai neman allura."

To ka ji. Yanzu wa zan kai ƙara? Wa ya koya mini cewa 'ya ba ta duban fuskar uba? Ba gidanku ba ne? Tun ina ƙarama in na ɗaga ido a gabanka ake zungurina. Ranar da ka karya taka kunyar, ni ina can ina riƙon tawa da kyau, yadda kuka koya mini. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ka san halin ƙanwarka. Goggo za ta iya rantsewa ta ga wata a ranar hadari don kawai ta faranta wa mutum. Na tambaye ta na sake tambaya, kullum amsarta ɗaya ce, kullum kuma tana ƙara mata gishiri. Ban san ko ka faɗa ba. Kai kaɗai ka sani, kai kuma ka tafi.

Jiya rediyo ta sake saka tsohuwar shelarka don tunawa da kai. Ina tankaɗe na ji ka ce "Jama'a, ku saurara!" Wallahi sai da na ajiye rariya na saurara har ƙarshe, har gaishe-gaishen, duk da na san babu ni a ciki. Sannan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Fushi nake da kai, Baba, amma kewarka ta fi fushin yawa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya mayar maka da muryarka fiye da yadda take. Idan ya ƙaddara mana haɗuwa a Aljanna, an ce a can babu abin da ake hana bawa, to ka neme ni cikin taro ka ɗaga murya yadda ka saba, kada ka ji nauyin kowa. Ni kuma na yi maka alkawari, wannan karon kaina a ɗage zai kasance.

Wassalam.

Ni ce 'yarka ta fari,
Saudatu