Rasuwar Dakta Iliyasu Dabo da Maganar Waɗanda Suka Ɗauke Shi

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Binciken Ceton Masu Mummunan Rauni ta Kano ta Arewa ta samu labarin rasuwar shugabanta, babban likitan tiyata, Alhaji Dakta Iliyasu Dabo, sakamakon hatsarin mota a hanyarsa ta dawowa daga garin Kunci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna fitar da wannan saƙo hankalinmu ba a kwance ba, domin bayan zafin rashin, wata magana na yawo a tasha da kasuwa, wai manoman da suka ɗauke shi daga bakin titi su ne suka ƙarasa shi.

Marigayin ya zauna tare da mu a shekarun da abokan karatunsa suka yi ta ficewa ƙasashen waje, lokacin da tsadar mai ta sa motar asibiti ta fi daɗewa a ajiye fiye da kan hanya. Tambaya ɗaya ta hana shi sukuni: me ya sa mutum zai fita daga hatsari har yana magana, amma kafin a isa Kano ya cika? Ya bi marasa lafiya daga bakin titi har ɗakin tiyata, ya zauna da direbobi da 'yan acaɓa da masu ɗori, har bincikensa ya nuna cewa da yawa ba buguwar kaɗai ke kashe su ba, har da yadda ake naɗe su a kujerar baya, wuya na lilo, ana ɗura musu ruwa don tausayi.

Maganin da ya kawo bai wuce ƙyauren ƙofa ba: a shimfiɗe mai rauni a miƙe, a tallafe wuyansa, a danne inda jini ke zuba. Mutanenmu suka ƙi, suka ce ba a ɗora mai rai a kan abin da ya yi kama da makara. Dakta, da ba a san shi da haƙurin jira ba, sai ya riƙa kwanciya da kansa a kan ƙyaure a tsakiyar tashar Ɗanbatta ranar kasuwa, direbobi na ɗaga shi ana dariya, har limamai suka sa baki, aka fara sabawa.

To, jama'a su ji da kyau. Malam Badaru da maƙwabtansa, wato manoman da suka bar cirar gyaɗa suka rugo, sun ɗauke shi daidai yadda ya koyar. Likitocin da suka duba shi sun tabbatar jinin da ya taru a cikinsa ne sanadin ajalinsa, kuma ba don taimakon manoman ba, da bai iso asibiti da rai har ya yi kalmar shahada a gaban iyalinsa ba. Amma tsegumi ya riga ya fara ɓarna. A makon nan wani ɗan acaɓa da ya yi hatsari ya daɗe kwance a gefen hanya, jama'a sun yi masa zobe, kowa na tsoron taɓa shi kada a ce shi ne ya ƙarasa shi. Wannan ya fi komai ƙona mana rai, kuma ba za mu yi shiru ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Hajiya Sakinatu, da 'ya'yansa, da ma'aikatan jinyar da suka tashi a hannunsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi.

Malam Badaru, mun ji cewa tun ranar hatsarin ko gona ba ka leƙa ba. Hajiya ta umarce mu da mu sanar da kai a bainar jama'a cewa ba za a shafa fatihar addu'ar bakwai ba sai ka iso.

Sa hannu:
Sama'ilu Nababa
Jami'in Hulɗa da Jama'a