Yaya Ilu, na karkata birkin zuwa gaba

Zuwa ga yayana kuma maigidana a sana'a, Iliyasu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawar da ƙani ke yi wa wansa, na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Na rubuta ne don na kasa zama wuri ɗaya.

Tsohuwar Marsandin da ka fara gyarawa don tsere kafin rasuwarka, na ƙarasa ta. Nura, mijin ƙanwarmu Hadiza, shi ke tuƙa ta a filin jar ƙasar nan na hanyar Dutsi, inda samari ke tsere bayan an cire amfanin gona.

Bawul ɗin da ka ɗaura a bututun man birkin baya, mai ƙara masa ƙarfi ko ragewa, yana nan. Sau ɗaya ka nuna mini shi, hannunka duk baƙin mai. Ka ce, "Gaba ya yi yawa, ta ƙi kwana. Baya ya yi yawa, ta yi katantanwa." Sai aka kira la'asar muka tashi, ba ka faɗa mini inda tsakiyar take ba.

Nura yana son birkin baya da ƙarfi, don motar ta watsa ƙugu ta shige kwana da sauri. Na buɗe masa bawul ɗin. Ranar gwaji na gan shi ya taka birki a kwanar tsamiya, tayoyin baya suka ƙame, motar ta juya sau biyu ta tsaya dab da kututturen. Ya fito yana dariya. Ni kuwa sai da na zauna a ƙasa.

Washegari Hadiza ta zo gareji da cikinta wata bakwai. Ba ta ce a hana shi ba. Ruwa kawai ta nema, ta sha, ta daɗe tana kallon motar, ta tafi.

Na ɗau sifana. Na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa. Na hau titin Mashi na gwada har sau biyar, kowane dawowa sai in ji kamar ban yi daidai ba. A ƙarshe na rage wa baya, na mayar da nauyin gaba. Kuma ban ɓoye wa Nura ba. Ya ce na mai da masa motar tsere motar kai amarya.

An yi tseren ranar Asabar. A kowace kwana sai ya rage gudu tun daga nesa. Wani direba daga garin Babban Mutum ya wuce shi a zagayen ƙarshe, Nura ya zo na uku. Ya sauko da ƙafafunsa, bai ko dube ni ba. Yau kwana huɗu bai shigo gareji ba, amma ya aiko a ce akwai wani tseren, in mayar masa da birkin yadda yake a da.

Yaya, da kai ne, me za ka yi? Ina kewarka, ba don mota kaɗai ba. Kai ne kake ce wa mutum a'a, ya tafi yana gode maka. Ni ban iya ba tukuna. Amma ba zan mayar ba. Da kaina zan je gidansa in faɗa masa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sauke Hadiza lafiya, ya sanyaya zuciyar Nura a kaina.

Ƙaninka da ke riƙe da gareji,
Sani