Layi na Tara, Gabas da Rijiya

Litinin, 3 ga Maris
Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ambaliyar da ta kwashe allunan maƙabarta, aka bar ni, mai haƙar kabari, ni kaɗai na san wa ke kwance ina. Yau wata huɗu da karyewar ƙuguna. Ina kwance a bene, hawa na uku, taga ɗaya, bangon maƙwabta. Ban yi makaranta ba, a jikin allunan nan na koyi haruffa, to ga su ina ta zubawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Matar ɗana ta gama darussan rubuta manhajar kwamfuta na kyauta, ta tsaya cik. 'Yan ƙungiyarsu ta waya sun ce ta bar kallon bidiyo, ta gina abin kanta, ko layi biyar ne kullum. Wai kaburburana za ta zuba a kwamfuta. Na ce a'a. In suka shiga can, wa zai ƙara hawo matakalar nan ya tambaye ni?

Asabar, 8 ga Maris
Ba wanda ya hawo.

Talata, 11 ga Maris
Wai an ce in abu ya cije mata, ta yi bayaninsa da baki, ko ga 'yar tsana ne. Ni ne 'yar tsanar. "Baba, ba sai ka gane ba, zauna kawai." Na ce da ina za ni? Don ta ƙyale ni na ba ta layin kaburbura na ɗaya, mutum goma sha shida.

Laraba, 19 ga Maris
Jan rubutun kuskure ya fito. Kwamfuta ta ce na sa mutum biyu a rami guda. "Baba, ko ka manta ne?" Ni! Matar mai gyaran keke ce da jaririnta, da hannuna na jera su. Matar ɗana ta karanta jan rubutun a hankali, ta ce ita ce ta gaya wa na'urar rami ɗaya mutum ɗaya. Wuni guda tana gyara. Na ji daɗi, ban nuna ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Wani direba ya hawo, yana haki, yana neman kabarin uwarsa. Na san ta. Na san ranar da aka binne ta, har ruwan da aka yi. Layi na tara ne, gabas da rijiya, amma na uku ko na huɗu? Na buɗe baki, babu. Na ce masa ƙuguna ke ciwo, ya dawo jibi.

Matar ɗana ta kawo shayi.

Na ce ta matso da teburinta kusa da gadon, hasken ya fi kyau nan. Gobe da safe zan fara mata da layi na tara, tun kaina na sanyi. Don ta samu abin gwaji ne kawai.