Ranar da Na Kira Sunansa

Zuwa ga Inna, a Kafur.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba. Yaya ciwon ƙafar? An kai masara gida kuwa?

Mu nan Turkiyya lafiya lau, kada ki damu. Maigidan ya samu hutun karatu, ya yi hayar mota, muna zaga tsofaffin masallatai da fadojin sarakunan da.

Sai dai ran Talata, a wata fada bisa dutse, na waiga ban ga yaron nan ba. Can na hango shi ya hau katanga, bayanta rami ne mai zurfi. Na ce, "Kai! Kai!" Hayaniya ta hana shi ji. Inna, ɗan fari ne, ban taɓa faɗin sunansa ba, amma sai ji na yi na ƙwala kira: "Zakariya!"

Ya juyo a razane, ƙafarsa ta zame. Wani dattijo ya cafke rigarsa.

Ko ƙwarzane bai yi ba. Ni ce dai barci ya ƙaurace wa, don muryata ce ta firgita shi. Baba ya sa mu a addu'a, a raba ƙosai sadaka.

Jiya yaron ya ce, "Umma, ashe kin san sunana?"

'Yarki,
Sa'adiya.