Likitan Mantuwa Ya Kori Mijina Don Ya Manta

Anti Waltraud, ki taimake ni, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Da farko ina jinjina wa inshorar lafiyarmu ta gwamnati. Kati ne mai kwarjini, duk likitocin ƙwaƙwalwa na garinmu Bochum da ke Jamus saboda tsabar girmamawa ba sa yarda su haɗa ido da shi. In na buga waya, kafin gaisuwa sai tambaya: “Ta gwamnati ko ta kuɗi?” Da na ce ta gwamnati, shi ke nan, ba wuri. Maƙwabciyata kuwa, matar tsohon jami'in haraji, mai ta kuɗi, fatar idonta ce ta ɗan yi rawa, a makon aka duba ta, har da kofi.

Mijina Eckhard ne ba lafiya. Cuku muke sayarwa a kasuwa. Mutumin da ke yanka rabin kilo ba sikeli, yanzu sai ya tsaya da wuƙa yana kallon mai saye. Rannan ya ɗauki motar kaya ya ɓata a unguwarmu. Tun lokacin sanyi nake magiya, da ƙyar aka ba mu rana a kaka, ta kuwa faɗo ranar kasuwa. Ya ce, “Ke, ni yaro ne da za a riƙe wa hannu?” Na ƙyale shi. Ya isa har ƙofar asibitin, ya sayi burodi a gefe, ya dawo gida yana fara'a. Yanzu sun ce wanda ya ƙi zuwa bai sanar ba, ba sa sake karɓarsa. In kira wani likitan in ce inshora ta kuɗi gare mu?

Mai Cuku

Mai Cuku, kada ki soma. Kina isa za a nemi kati, ki kwashi kunya. Matar da ke ɗaga wayar ma ba ita ta yi wannan rabo ba. Ke ma da naki laifin: kin tura mai mantuwa shi kaɗai don kada rumfa ta wuni a rufe. Cuku bai kai miji tsada ba.

Yau ki karɓe mukullin motar, ko zai yi ta kumfar baki. Gobe ki kai shi wurin likitanku na unguwa, ki faɗi ɓatan nan ba kwaskwarima, ya rubuta takardar gaggawa. Da ita ki kira layin wayar da ke nema wa masu katin gwamnati likita. Ki kuma binciki masu duba mutane da safe ba alƙawari, ki ce a tuna da ku in wani ya fasa. Duk inda aka ce, ki rufe rumfa ki tasa shi gaba.

Allah ya ba Eckhard sauƙi, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Su kuwa mutanen asibitin, wanda zai iya tuna ranar ganin likita tun sanyi har kaka, me zai kai shi wurinsu?