Shanyar Ranar Lahadi

Litinin, 2 ga Fabrairu

An binne Ghislain ranar Asabar. Nadège ta koma Brussels, aikin asibiti ba ya jira. Ta bar mini wannan littafin, wai in riƙa rubuta abin da ba zan iya faɗa wa 'yar cikina ba. To, ga shi na rubuta: mijina ya faɗi a bakin aiki. Mutumin da unguwa ke wa kallon mai zaman kashe wando tun da aka rufe masana'antar gilashi.

Laraba, 4 ga Fabrairu

An aiko mini da kwanon abincinsa daga siton da yake aiki. Bai taɓa burodin ba.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Rediyo na ta maganar sabuwar doka, na kashe. Mun haddace ta tun bara. Wanda ya daɗe ba aiki za a yanke masa tallafi, ko ya sami aiki ko ya tafi ofishin taimakon mabuƙata. Ofishin kuwa yana kallon shagon burodi, duk wanda ya hau matakalar nan sai gari ya ji kafin rana ta take. Ghislain ya ce ba za a ga ƙafarsa a kanta ba, ba kuma za a ga ta matarsa ba. Shi ya sa ya karɓi aikin sauke kaya, da furfurarsa da hawan jininsa. Shi ya sa ya kwashe tattabarunsa na tsere ya ba abokinsa Léon, don ba sa zama da mai fita da duhu ya dawo da duhu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya ji daɗi. Makon farko ya aske gemu, yana fito a banɗaki. "Tsohuwa, yi sauri da burodin nan, mu masu aiki ba mu da lokaci." Da ban ga wannan da idona ba, da na san wanda zan tsana.

Nawa tallafin ma ƙarshen Maris zai tsaya. Tun da gidan ɗinkinmu ya tashi ba wanda ya ɗauke ni. Gidan nan kuma na haya ne.

Lahadi, 15 ga Fabrairu

Na yi shanya yau, ranar Lahadi, karo na farko tun aurenmu. Lahadi ranar dawowar tattabaru daga tsere ce, in suka ga zanin gado yana kaɗawa ba sa sauka, sai su yi ta kewaya sama lokaci na tafiya. Faɗan da muka yi a kan igiyar nan ba ya ƙirguwa. Na sha ce masa ranar da ya mutu sai na shanya komai har da labule.

Na shanya har da labulen. Na tsaya ina jira a yi mini tsawa daga ɗakin tattabaru.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Manaja ya dawo. Shuɗin namijin tattabarar nan mai ƙirji, wanda Ghislain ya sa wa sunan don wai ba ya komai sai yawo yana duba aikin wasu. Da safe na gan shi a kan rufin ɗakinsu, ruwa na dukansa, yana leƙen ƙofar da aka rufe. Ban buɗe ba. Ban taɓa shiga ɗakin ba, ba yanzu zan fara ba. Na kira Léon.

Ya zo da kwando. Ya zare sakatar 'yar ƙofar sama, ya kaɗa gwangwanin masara, tsuntsun ya faɗo ciki kamar jiya ya fita. Léon ya ce masa ɗan banza, sannan ya juya baya yana fyace hanci.

Na dafa kofi. Ya ce babbar tattabara ba ta sake gida, ko ka kulle ta har ta mutu, ko ka huta da ita. Shi ma tare aka sallame su da Ghislain, shi ma an yanke masa tallafi, masarar nasa tattabarun ma da ƙyar. "Ki yi haƙuri, Josiane. In ya sake gudu, wuyansa zan murɗe. Haka ake yi, mijinki ma haka zai yi."

Na tambaye shi ko ya je ofishin. Ya ce shi? Sai dai a shiga da gawarsa.

Talata, 24 ga Fabrairu

Ban ci komai ba sai dankalin jiya.

Asabar, 28 ga Fabrairu

Mun yi da Nadège a waya. Ita a ganinta dokar ba laifi ba ce, tana ɗaga marasa lafiya har bayanta ya ƙage, ana cire mata haraji, ba a ce mutum ya zauna har abada ba. Ban iya cewa ƙarya take ba. Amma ta ce in je ofishin, haƙƙina ne, don irina aka buɗe shi. Na ce babanta ya mutu ne don kar in hau matakalar nan, in na hau, ya mutu a banza kenan.

Ta ce, "Mama, zuciyarsa ce ta tsaya. Kar ki sa in rasa gidan da na girma ma."

Na ajiye wayar ba sallama. Ban kyauta ba.

Laraba, 4 ga Maris

Na je har gindin matakalar. Na tsallaka titi na sayi burodin da ba na buƙata.

Lahadi, 8 ga Maris

An yi rana, na sake shanya. Ina cikin maƙala na ƙarshe na ji fukafukai. Shi ne. Ya rame, wutsiyarsa ta zube gefe ɗaya, ban san ta wace kafa ya fito ba. Ya yi ta kewaya gidan, ya sauko, ya ga zannuwan, ya koma sama. Ya sauko, ya koma. Na san abin da zai faru in na ɗauki waya.

Na kwashe shanyar jiƙe. Dama kamar hadari na haɗuwa.

Ɗakin yana warin rigarka, Ghislain. Hularka na nan a ƙusa. Sakatar ta yi tauri, sai da na sa hannu biyu. Saura 'yar masara a gwangwanin, na kaɗa yadda nake jin kana yi. Bai ko dube ni ba, ya wuce gurbinsa na sama ya zauna, sai ka ce ni ce na makara.

Litinin, 9 ga Maris

Matakalar ba ta da tsawo ashe.

Ɗakin jira cike yake, rabinsu na san su. A lungu ga Léon, hula a gwiwa, yana kallon takalminsa. Na ce ashe an shigo da gawar. Ya ce da ƙafarta ma ta zo. Ya matsa mini na zauna.

Matar da ta saurare ni sa'ar Nadège ce, ba ta yi mini wani kallo ba. Ta ce za a duba maganar haya, in dawo mako mai zuwa. Ban san yadda za ta kaya ba.

Da muka fito Léon ya ce zai biyo da kwando da yamma. Na ce ba sai ya wahala ba.

Na biya na sayi masara, ƙaramin ƙulli, kafin dai in ga abin da zan yi da shi. Wankin na nan a kwando har yanzu. Na ɗaura igiya a kicin.