Mun Kai Baba Bakin Teku

Dawson, Yukon
Ƙarshen watan Yuli

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alban da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar taki, ta daina kumburin? Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗauke miki wannan ciwo. Mu ma nan lafiya lau muke, mun dawo Dawson a kan hanyarmu ta komawa gida. Maigidana Delbert yana ƙarƙashin mota yanzu haka, yana ɗaure abin da hanya ta kwance. Baba yana cin abinci sosai, har ya ɗan yi kumatu. Maƙwabciyata Noreen ta bugo daga gida jiya, ta ce lambuna bai mutu ba tukuna, amma kada in sa rai da tumatirin.

Na ga gara in rubuta miki, don a waya kullum sai mu ɓige da zancen jikoki, abin da ya kamata a faɗa ya sha ruwa. Na san ba ki so wannan tafiyar ba. Kin ce mutum mai shekara tamanin da huɗu, wanda likita ya ce ciwon mantuwa ya fara kama shi, ba a ɗaukarsa a shiga daji da shi. Amma kin san Baba. Yana saurayi ya tuƙa gireda, motar share hanya, lokacin da ake gina wannan hanya ta arewa, aikinsu ya tsaya kafin a kai teku, kuma tun rasuwar Mama ba shi da magana sai ta son ganin inda hanyar ta ƙare.

Motar da Delbert ya saya tana da gado da murhu da ɗan banɗaki. Baba ya raɗa mata suna Kunkuru, wai ga gida a baya, ga nawa. Har Whitehorse, har nan Dawson, kwalta ce. Bayan mun bar Dawson muka hau burji, daga nan babu gari, babu sabis na waya, gidan mai kuwa sai an yi wuni ana tafiya. Itatuwa suka riƙa gajarta har suka ƙare, ya rage duwatsu da fili iya ganinki. Wata tirela ta watso mana tsakuwa ta tsaga gilashin gaba, taya kuma ta yi faci sau biyu. Delbert yana canza taya sauro na cin wuyansa, Baba na zaune a kujera yana ba shi umarni. Ya ce tun ranar da aka kawo masa shi a matsayin suruki ya san hannun nan na riƙe biro ne. Delbert ya ce to, tunda gwani na kusa, ga sifana nan. Haka suka yi ta yi duk hanya, kuma na daɗe ban ga Baba yana dariya irin haka ba. Kowane kwari ya san shi. Ya nuna mana inda giredarsa ta taɓa kafewa a laka, da inda suka ci karo da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai haɗari, ita da 'ya'yanta.

A kogin Peel ne abin ya faru. Ruwa ya cika, yana ɗauko itatuwa, aka tsayar da jirgin fito sai ya janye. Muka yi kwanaki a gaɓa tare da direbobin tirela. Rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokaci, wannan ya rikita wa Baba barci da lokacin shan magani. Wata ranar bayan abincin rana na kishingiɗa, Delbert ya tafi jin labarin jirgin. Da na farka kujerar Baba babu kowa, sandarsa ma a jingine. Yaya, ba zan iya kwatanta miki abin da na ji ba. Ga kogi a cike, ga shi da safiyar ranar aka ga sawun beyar a bayan motoci. Direbobin suka bar abincinsu suka bazu cikin kurmi suna kiran sunansa, ni kuma na bi gaɓa ina duba ruwa.

Can ƙasa da mashigin akwai rumfunan bandar kifi na mutanen Gwich'in, 'yan asalin yankin. A nan na same shi. Wata dattijuwa mai suna Effie ta gan shi yana tafe a bakin ruwa, takalmi ya jiƙe, yana tambaya ina sansanin ma'aikata. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce masa ma'aikatan sun kusa dawowa, ya zauna ya sha shayi tukuna, ta kuma aika a duba wa ya rasa tsoho. Na iske shi riƙe da kofi, yana cin busasshen kifi. Na durƙusa na kama hannunsa ina kuka. Ya janye hannun cikin ladabi, ya dubi Effie ya ce, "Baiwar Allah, wannan 'yarki ce? Me aka yi mata?" Effie ta yi mini ido kada in matsa masa. Na zauna gefe kamar baƙuwa ina shan shayinta. Sai can da aka jima ya waiwayo ya kira sunana, ya tambaye ni ina na bar sandarsa.

Delbert ya ce mu juya gida, ni ma na yarda. Amma washegari jirgi ya fara aiki, Baba kuma ya tashi garau. Da ya ji maganar juyawa, ya ce shi an taɓa mayar da shi daga wannan hanya sau ɗaya, ba za a sake ba, in Delbert tsoro yake ji ya sauka ya ba shi tuƙin. Muka ɗaura ƙararrawa a ƙofar mota, muka raba barci tsakaninmu, muka haye. Mun wuce Inuvik, muka kai Tuktoyaktuk, inda hanya ta tsaya a bakin teku. Ruwan toka-toka ne, iska kamar ta yanke kunne. Muka riƙe shi ta hagu da dama, ya cire takalmi ya tsoma ƙafa. Ya ce ashe wannan ne, to ya gani, a mayar da shi mota a dafa masa shayi.

Muna cikin motar, Delbert ya fita neman mai, sai Baba ya ce mini ya san akwai ranar da na ɓace masa, ya kasa gane ni. Bai tuna yadda aka yi ba, amma ya ga alama a fuskata. Na so in kauda zancen, ya hana ni. Ya ce, "Ki gaya wa Verna kada ta jira Kirsimeti. Ta zo yanzu, tun ina iya kiran sunanta."

Saƙon ke nan, na isar kamar yadda aka ba ni. Maganar gidan kula da tsofaffi da muka yi ta ja a kanta, mu ajiye ta sai kin zo, mu yi ta a gabansa. In Allah ya yarda za mu isa gida Red Deer kafin tsakiyar Agusta. Na san tafiya daga Halifax da wannan gwiwa ba wasa ba ce, amma ki daure. Delbert zai ɗauko ki a filin jirgi.

Ki gaishe mini da Alban, da 'yarki Maureen da mijinta Cyril, da ƙananan duka. Ki miƙa gaisuwata ga Gwaggo Ida, amma kada ki ba ta labarin kogin, zan gaya mata da bakina. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Corliss